Tauraron da Aka Warware

"Mama, ina tauraron rigarta?" ɗanta ya tambaya, yana nuna yarinyar da uwarsa ke riƙe da ita a ɗayan hannun, a gaban ɗan sandan da ke tsintar Yahudawa a layin burodi.

Uwar ce ta warware wannan tambarin Yahudawa da safe, bayan an tafi da iyayen yarinyar, maƙwabtanta. Tun da Jamus ta ci Paris take cewa uwa ba ta da zaɓi.

"Madam, duka naki ne?" in ji ɗan sandan.

In ta saki hannu ɗaya, ɗanta ya tsira. Ta damƙe biyun.

"Yallaɓai, ba ka ga kunnuwan ubansu ba?"

Bai yi dariya ba. Ya nuna musu motar da ake zuba waɗanda aka kama.

Mai karatu, kar ka roƙi 'yanci kana zaton hutu ne. Ranar da ya zo, babu mai taya ka ɗauka.