Ƙugun Barau

Tun da aka sa wa Barau ƙugun ƙarfe, ƙugun ne ke ƙayyade nauyin da zai ɗauka. In nauyin ya wuce ƙa'ida, ƙugun ya ƙame ke nan sai asibiti sun sake shi.

Ranar jana'izar mahaifiyarsu, ƙaninsa Ilu ya riƙe masa hannu. "Yaya, ka bari, mun isa."

"Ita ta goya ni," in ji Barau. "Kuma wane nauyi ciwo ya bari a jikin Inna?"

Ya sa kafaɗa a makara. Ƙugun ya yi ƙara, ƙafar ta sandare. Gawa ba ta jira. Wani ya karɓi gefensa, aka wuce.

Yana nan tsaye a tsakiyar hanya har aka dawo daga maƙabarta, aka yi masa ta'aziyya a wurin.