Gwabar Tsagar Bango

Ranar da Oga Lasisi, mai gidan hayarmu a Agege, ya sare gwabata ya kore ni, ban yi kuka ba, jikokina. Daga ƙwaya fa na raine ta! Kafin in fita, na cusa 'ya'yanta a kowace tsagar bango.

Duk damina sai in hau motar haya ta danfo in je leƙen gidan. Saiwa ta fasa ginin, ni kuwa har da guɗa.

Jiya ɗana Shafi'i ya miƙo min mukulli.

"Inna, na saya miki tsohon gidanmu. Amma gwaba ta gama da bangon. Allah ya isa ga wanda ya shuka ta!"

Na ce, "Kai Shafi'i, a dinga yafiya mana."