Zoben Da Ya Yi Wa Tsohuwa Yawa

Tunda ka ce aike ya isa zumunci, bari in ba ka wani misali.

An yi wani mutum da ya bar ƙauyensu tun yana saurayi, ya gangara kudu neman na kansa. Mahaifiyarsa mai sana'ar ƙuli-ƙuli ce, mace kakkaura, wadda hannunta ya saba da taɓarya da matsar tunkuza. In ta damƙa, sai ka ga mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Da wannan hannun ta rene shi, shi ta ɗora masa a ka ta sa masa albarka ranar da zai tafi. Allah kuwa ya buɗa masa. Ya kama cinikin goro, ya yi aure a can, ya gina gida. Bai manta da tsohuwa ba, don duk wanda za shi arewa sai ya ba shi turmin atamfa ko buhun shinkafa ya kai mata. Ƙafarsa ce dai ba ta taka garin ba. Da damina ya ce hanya ta lalace, da rani ya ce kasuwa ta buɗe. Masu dawowa sukan ce masa tana gaishe shi, jiki kuma sai a hankali, shi kuwa ya ɗauka 'yan ciwace-ciwacen nan ne da ba a raba babba da su. Haka shekaru suka yi ta shuɗewa har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da ya ƙudurta zuwa gida, sai ya ga ya kamata ya riƙa mata abin da zai zauna a jikinta. Ya je wurin maƙerin azurfa ya ce a ƙera masa zobe mai kauri, mai zane. Maƙeri ya tambaye shi ko ya zo da tsohon zobenta, ko awon yatsanta da ganyen kaba, kamar yadda ake yi. Mutumin ya yi murmushi. A ransa yana ganin hannun nan ƙuru-ƙuru, yana sheƙin mai. Ya miƙa nasa yatsan ya ce, "Auna wannan. Nata ya kai shi, in ma bai fi ba." Maƙeri bai ja da shi ba, ya auna ya ƙera.

Ya isa gida da hantsi. Tun daga zaure ya ji babu ƙamshin suyar da ya sani. Turmi yana kife a gindin katanga, gara ta fara cin bakinsa. Tsohuwa na zaune a tabarma bakin ƙofar ɗakinta, ƙanwarsa ta jingina ta da bango don ta sha rana. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta daɗe tana dubansa kafin ta amsa. Bayan an sha ruwa ya ciro zoben, ya kama hannunta, ya ji shi sakayau kamar busasshen kara. Ya zura mata a yatsan tsakiya. Tana sauke hannu zoben ya zame, ya gangara ya bar tabarma, ya shige ɗaki ya je ya daki ƙafar gado. Ya ɗauko ya gwada a babban yatsa, nan ma bai tsaya ba. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ita kuwa ba ta ce masa me ya hana ka zuwa ba. Ta zare zare daga gefen zanenta, ta dinga naɗa wa zoben a hankali har ya kama. Sannan ta ce, "Kada ka ga laifin maƙeri. Hannun da ka bari ka kai masa."

Bai koma kudu ba a wannan shekarar. Ya aika a kula masa da rumfa, ya zauna yana ba ta kunu da hannunsa, yana tayar da ita zaune, yana jin labarin waɗanda suka rasu a bayansa da ba wanda ya gaya masa. Lokaci-lokaci zoben yakan sake yin sako-sako, shi da kansa yake ƙara masa zare. Kafin a yanke gero ta cika. Da matan da suka yi mata wanka suka miƙo masa zoben, ya juya shi a tafin hannunsa, ya ga zare ya kusa rufe azurfar.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.