Hoton Hula

Ya ɗaure kusar ƙarshe, ya ja da baya yana kallon aikinsa kamar wanda ya gina gadar Jimeta. Ƙarfen fankar ɗaki ne mai hawa da sauka, ya kafa masa katako a kai, ya ɗaure wayarsa ta salula da robar tayar keke, idon kyamararta na kallon tebur.

Tun da ya gudo daga Mubi ya sauka a unguwar Limawa, da ɗinkin hula yake ci. Yanzu masu saye sai sun ga hoto, shi kuwa hannunsa rawa yake, kowane hoto dishi-dishi. Wani dillali ya ce a turo mai kyau kafin la'asar, ko ya nemi wani maɗinki.

"Sannu, Injiniya," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Kwana uku muna gasuwa babu fanka. Allah ya sa jirgin naka ya tashi."

"Ke dai zuba ido."

Ya ajiye hular, ya sauke ƙarfen kaɗan, ya danna. Hoto ya fito tar, har ana ƙirga zare. Sai ya ga abin da idonsa ya daɗe da daina gani: layukan sun karkace, ɗinkin duk tsallake-tsallake. Ashe hannun da ke rawa da waya shi ne dai ke riƙe allura.

Matar ta leƙo ta kafaɗarsa.

Ya kwance robar a hankali, ya riƙe wayar a hannu, ya bar shi ya yi rawarsa, sannan ya danna.