Macijin Titin Banksia

Lilon da ke filin wasan yara na Titin Banksia sabo ne fil, fentinsa ko ƙwarzane babu, amma iska ce kaɗai ke kaɗa shi.

Declan Moroney ya san dalili, don ya karanta a waya. Tun da aurensa ya mutu ya dawo wannan unguwa ta bayan garin Brisbane, ranar Asabar kawai ake ba shi 'yarsa Imogen, mai shekara biyar. Zuwanta na farko ta leƙa 'yar barandar gidan da ya kama, ta ce, "Baba, unguwar Mama akwai lilo."

Sai ya shiga zauren iyayen unguwa na waya, inda maganar wata Kerryn ta fi ta likita ƙarfi. Duk abin da ta rubuta, takan rufe shi da "uwar 'ya'ya huɗu". Ba wanda ya taɓa shan shayi da ita, amma ina mai 'ya'ya huɗu ta ga lokacin shayi? Ta san filin da ke da inuwa, da wanda abin sulunsa ke toya cinya da rana. Game da na Banksia kuwa, da idonta ta ga maciji mai ruwan ƙasa a gindin lilo. Da bazara ta shigo, hankakin wurin suka kusa ƙwaƙule wa autanta ido.

"Ni dai ban hana kowa ba," in ji ta. "Mai 'ya'yan zubarwa ya kai nasa."

Filayen da take yabo duk suna ƙetaren kogi. Kowace Asabar Declan ya shafe yarinyar da man kariya daga rana har ta yi fari fat, ya kifa mata malafa, ya ɗaure ta a kujerar baya, su shiga cunkoso. In sun isa, ya tarar da iyayen unguwarsu kaf a can, suna layin lilo guda, suna cin gasasshen tsiren inji a cikin burodi, suna sa wa Kerryn albarka. Kafin layi ya zo kan Imogen, lokacin mayar da ita ya yi. Sau biyu tana amai a mota.

Hukumar unguwa ta turo mai kama macizai. Ya wuni yana tonon ciyawa, ya fito da guntun tsohon tiyo. Kerryn ta tambaya ko akwai macijin da ke zama jiran ma'aikacin hukuma. Iyaye suka ga lallai gaskiya ta faɗa.

Wata Juma'a Shona, uwar yarinyar, ta kira shi.

"Ta ce ba za ta zo gobe ba. Wai kai ba uba ba ne, direba ne."

"Ina neman wuri mai kyau ne."

"Declan, lilo take so, ba aljanna ba."

Da ƙyar aka lallashi Imogen. Washegari ya riƙe hannunta suka taka zuwa Titin Banksia, ashe layi biyu ne kacal daga ƙofarsa. Wurin ya ba shi haushi don kyau. Ga itatuwa sun yi rumfa, ga shinge, ga famfon ruwa, ciyawa a aske ƙwal. Imogen ta fizge hannunta ta ruga, tana ihun murnar da rabonsa da jin irinsa tun suna gida ɗaya.

Wani dattijo yana ba furanninsa ruwa a gidan da ke manne da shingen. Ya ɗago, ya dubi yarinyar, ya kashe famfo.

"Sannu, samari. Baƙo ne kai, ko? Vern sunana."

"Declan. Baba, don Allah, kai da ke nan kullum, ka taɓa ganin maciji?"

Dattijon ya sosa haɓa. "Ni? Ko sau ɗaya. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Declan ya sauke ajiyar zuciya.

"Sai dai idona ya tafi," in ji Vern. "Kuma ni ban haifa ba, ban san abin da ake dubawa ba. Amma uwa guda, mai 'ya'ya har huɗu, me za ta ci da ƙarya?" Ya nuna da leɓe. "Wai a daidai inda 'yar taka ke tsaye ne, ko?"

Imogen ta riga ta ɗora ƙafa ɗaya a kan lilon. Wani busasshen ganye ya motsa a gindin lilon. Declan bai san lokacin da ya tsallake shinge ba. Ya sure ta, tana shure-shure, malafarta ta faɗi, bai ko waiwaya ba.

"Sauke ni! Wajen Mama zan tafi!"

"Ki yi haƙuri, uwata. Akwai wani a ƙetare, ya fi wannan."

Kukanta ya bi titi yana raguwa har ya ɓace. Vern ya naɗe tiyonsa, ya haɗa shayi, ya miƙe ƙafa a baranda. Shiru ya dawo, irin wanda ya saya gidan dominsa tun kafin hukuma ta kafa masa lilo a gindin taga. Ya gyara tabarau, ya ɗauki waya, ya fara rubutu da yatsa ɗaya: "Iyaye, yau ma saura ƙiris wata yarinya ta taka shi. Taku, Kerryn, uwar 'ya'ya huɗu."