Masu Jirana a Rumbu

Tun da aka daina ajiye takarda a garinmu, komai yana cikin na'urar da muke kira Rumbu: katin asibiti, shaidar gona, har muryoyin mamatanmu. Kullum da hantsi nakan je in saurari marigayiya matata, Tasalla, tana yi mini faɗa kan tantabaruna.

Bana Rumbu ya yi nauyi. A asibiti, mai naƙuda sai ta haihu katinta bai fito ba. Yau Zulai mai gyaransa ta tare ni a ƙofar ɗakin Rumbu.

"Baba Ɗantani, in ka gama sauraro kana ce mata sai an jima?"

"Wa yake ban kwana da matarsa, 'yar nan? Tashi nake in tafi. Ta san zan dawo."

"To, Rumbu bai sani ba. Duk muryar da ka buɗe riƙe ta yake yi sai an rufe. Dubbai ne a ciki, sun cinye wurin kowa."

A zuciyata na hango su zaune a jere, duk Tasalla ce, kowacce da ɗankwalinta, suna jiran amsata.

"Ki bar mini su."

"Ta ainihin tana nan, Baba. Masu jiran za a share."

Ta danna wani abu, fankar Rumbu ta yi shiru. Ta ce daga yau shi zai riƙa rufewa da kansa.

Na shiga. Tasalla ta gama faɗanta, ta yi shirun nan nata don ta ji me zan ce. Kafin in buɗe baki, wata baƙuwar murya daga cikin Rumbu ta ce mata, "Sai an jima."