Cikin Hannun Marigayiya

Kwana goma sha tara da rasuwar Tasnim Begum, mijinta Khurshid Sahib, tsohon akawun jirgin ƙasa, bai sa komai a bakinsa ba sai shayi da busasshen biskit. Wandonsa har ya fara zamewa. Likita ya duba shi ya ce zuciya lafiya, hanta lafiya, taurin kai ne kawai, amma in aka ƙara mako guda a haka, sai dai gadon asibiti da ƙarin ruwa.

Kowa a unguwarmu ta Multan ya san abin da tsohon yake kewa: kormar rago, wata miyar nama mai kauri, irin ta matarsa. Shekara arba'in da ɗaya, duk Lahadi, Tasnim Begum takan shige kicin ta danna sakata, shi kuma maigida ya shige ɗakinsa da ke jikin kicin ɗin, ya ce zai kishingiɗa, kada wanda ya tashe shi. Bayan awa uku sai ta fito da tukunya, fes da ita, ko zufa babu. Mata sun sha roƙonta sirrin. Murmushi kawai take yi ta ce, "Ni ma wallahi ban san yadda ake yi ba." Mu kuwa muna ta yabon tawali'unta.

'Yarsu Nuzhat, da ta zo daga Karachi zaman makoki, ita ta tsinci littafin a bayan buhun shinkafa. Tsohon littafin rubutu ne da ya sha mai, an fara shi tun shekarar da aka ɗaura auren. Rubutun tsaf-tsaf, an ja layi da rula a ƙarƙashin sunan kowane girki. Ta rungume shi ta yi kuka, don a ganinta ta samo maganin ubanta.

Sai dai babu awo ko ɗaya a ciki. "Soyayyar albasa, cikin hannuna uku. Gishiri, rabin cikin hannuna. Masoro, abin da yatsuna uku suka ɗauka."

Nuzhat ta auna da nata hannun. Khurshid Sahib ya leƙa kwanon daga nesa, ya ce albasa ta yi kaɗan, ya juya wa bango fuska.

Nan fa Gwaggo Shagufta, yayar tsohon, ta karɓi ragamar aiki, ita da ba a taɓa ganin ta rasa shawara ba ko da ba a tambaye ta ba.

"Ke yarinya, littafin bai yi ƙarya ba, hannun ne ba shi ba. Ɗauko min awarwaron uwarki."

Aka yi shela a unguwa. Mata suka yi layi a tsakar gida, kowace ta zura hannu a awarwaron marigayiya. Bakwai ya yi wa daidai. Aka ɗora tukwane bakwai, kowace da hannun da ya auna mata. Tsohon ya sinsina su ɗaya bayan ɗaya, ya ce a kai wa masu gadin layi, su ma in za su ci.

Gwaggo ta ce ai zafin Multan kumbura hannu yake yi, a gwada masu manya. Aka gwada na matar limami, aka gwada na ungozoma. Abin mamaki, duk girman hannu, duk daɗewar tsohon yana sinsinar kwano. Ranar da mahauci Ghulam Rasul ya kawo nama, Nuzhat ta kalli tafukansa ta roƙe shi ya ɗiba mata. Gwaggo ta yi tsalle ta tare ƙofa.

"Namiji a kicin ɗin gidanmu? Kakanmu har ya mutu bai san ta ina ake shigarsa ba! In dole ne, ya miƙo hannu ta taga."

Haka ƙaton nan ya tsaya a lungu, hannu ɗaya cikin taga, yana damƙar albasa yana istigfari. Wannan tukunyar Khurshid Sahib ya ci cokali biyu, idonsa ya ciko, ya ture. Gwaggo ta yanke hukunci cewa marigayiya aljani ne yake ɗibar mata, ta tafi neman mai addu'a.

Lahadi ta zagayo. Tsohon sai da dafa bango yake tafiya, Nuzhat kuma tsoro ya kama ta sosai, kada ta binne iyaye biyu a wata guda. Wata maƙwabciya ta rantse mata cewa sirrin bai wuce tumatir ba. Duk wanda ya san korma ya san sa mata tumatir cin amana ne, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Da hantsi, gida ba kowa sai tsohon a ɗakinsa, ta zauna tana yanka tumatir tana share hawaye.

Sai ta ji motsi a bayanta. Wata ƙaramar ƙofa a bayan kabad ɗin kwanuka, mai ɓullewa ɗakin ubanta, wadda tun tana yarinya ta ɗauka a toshe take, ita ce a buɗe. Ubanta yana tsaye yana haki, idonsa a kan tumatir ɗin.

"Abba, ka koma ka kwanta, yanzu zan gama."

"Ajiye wuƙar nan, Nuzhat. Yunwa zan iya jure ta. Wannan kuwa ba a gabana ba."

Ya lallaba ya danna sakata, ya naɗe hannun riga, ya zura tafinsa cikin albasa har sau uku.

"Ki rantse gwaggonki ba za ta ji ba," ya ce. "Na so in mutu da rufin asirin uwarki, Allah Ya ji ƙanta, don baiwar Allahn nan ko ƙwai ta ɗora sai ta ƙona shi."